Keken Injiniya Ya Kusa

Teburin yanka na Mai Ɗinki ne, wannan ba abin musu ba ne. Ita ta sa kafinta ya yi mata shi da faɗi don ta shimfiɗa yadi ta zana da alli ba tare da gefe ya zubo ƙasa ba. Amma tun ranar da mijinta ya kwance kekensa, teburin ya tashi daga nata. Noti a murfin kwalba, ƙwayoyin boris a kofin shayi, sifana manya da ƙanana a jere kamar masu jiran a ɗauke su hoto, ga tsumman goge mai wanda in ka dube shi da kyau za ka gane hannun wata rigarta ne. Ita kuwa sai ta durƙusa a kan leda tana yanka kayan mutane, da gwiwoyin da suka haura shekara hamsin suna aiki.

Gangar keken tana rataye a ƙugiya jikin bangon falo, ba ƙafa, ba sarƙa, ba feda. Masu kawo ɗinki sun gaji da tambaya. Da farko sukan ce, "A'a, gyara ake yi?" Daga baya suka koma, "Har yanzu?" Yanzu kuwa sai su sunkuyar da kai su wuce ta ƙarƙashinta, wata ma har jakarta take ratayawa a jiki.

Injiniya ake ce wa maigidan, ko da yake a ofishin albashi na wani kamfanin ruwa ya yi aikinsa har ya yi ritaya, bai taɓa zama ajin injiniyanci ba ko da bisa kuskure. Abokan hawan kekensa ne suka laƙaba masa sunan, don duk wanda kekensa ya yi ƙara a hanya shi ake kira, shi kuma ba ya jira a kira sau biyu. Keken irin na tsere ne, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, mara nauyi, har ɗaga shi yake da yatsu biyu don ya burge baƙi. Ya fara hawa ne lokacin da likita ya gano yana da ciwon suga. Ya yi shekaru yana fita da ayarinsu duk Asabar, tumbi ya zube, sugan ya sauka, har Mai Ɗinki ta yafe wa matsattsen wandon nan da yake sawa, wanda da can ta rantse ba zai fita da shi ta ƙofar gidanta ba.

Sai ranar da wata bas ta matse shi a shataletale. Ya daki gefen titi, ƙashin kafaɗa ya karye. Allah ya taƙaita, ƙashi ya haɗe, likitan ƙashi ya sallame shi ya ce ya koma hawa. Keken ma bai ji jiki sosai ba, wilin baya kaɗai ya lanƙwashe. Mai Ɗinki ta sha maimaita wannan a ranta tana durƙushe a kan leda: wili ɗaya tal.

Ya sayi sabon wili. Da wilin ya zo sai ya ce ai farantan haƙoran baya, waɗanda sarƙa ke hawa in an canza giya, nasa tara ne, sabon wilin kuma don sha ɗaya aka ƙera shi. Ya yi odar farantai sha ɗaya. Da suka iso, tsohuwar sarƙa ta yi musu kauri. Ya sayi siririya. Da ta iso, ƙarfen da ke tura sarƙa daga wannan faranti zuwa wancan ya ce shi bai san zancen ba, tara ya iya. Ya sayi sabo. Sabon kuma ya ƙi jin maganar libar da ke kan keken, wato maɗannin giya da birki, wai kamfaninsu ba ɗaya ba ne, kowanne da irin jan wayarsa. Duk abin da ya shigo gidan sai ya yi faɗa da wanda ya tarar, kuma a kan teburinta ake raba faɗan. In ta tambaya, amsa ɗaya ce: "Ya kusa."

Wata safiya mai kawo saƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa da kwali a hannu. Injiniya ya karɓa da hannu biyu, ya share gefen teburin da gwiwar hannu, ya farke bakin kwalin da almakashinta na yanka yadi, wanda ko 'ya'yanta ba ta yarda su taɓa ba.

"Malam, almakashina."

"Yanzu zan ajiye. Zo ki ga libar nan. Ita ce abu na ƙarshe."

"Wancan ma shi ne na ƙarshe."

"Wancan ai ba liba ba ce."

Ya zaro ta daga leda, ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashinta. Sannan ya ce, "Kash."

Ta san wannan kash ɗin. Ta ajiye allin hannunta. "Mene ne kuma?"

"Ta birkin mai ce. Birkina na waya ne. Ba za su haɗu ba."

"Ba ka karanta ba ne kafin ka saya?"

"Hoton iri ɗaya ne."

"To mayar musu da abarsu."

"Ko kuma," ya ce yana duban gangar keken yana shafa gemu, "a mayar da birkin gaba ɗaya ya koma na mai. Sai dai firam ɗin nan, gangar ke nan, ba shi da wajen ɗaura shi. Wilin ma ba zai ɗauka ba."

"Wilin da ka saya jiya-jiyan nan?"

"Shi fa."

Ta ja tsaki mai tsawo, ta miƙa hannu ta ɗauko farin yadin da ta ajiye a kan kujera, na rigar aikin wata ma'aikaciyar asibiti. A tsakiyarsa ga shatin babban yatsa, baƙi ƙirin, har zanen fatar ya fito. Ta ɗaga masa. Ya leƙo ta saman tabarau ya ce fetur na fitar da shi. Ta naɗe yadin ta shige ɗaki, don ta san in ta buɗe baki a lokacin sai maƙwabta sun shigo rabo.

Amma ba yadin ne ya fi ci mata rai ba. Tumbin ne da ya dawo. Ita ke buɗe masa wanduna, ta san abin da tef ɗinta ke faɗa, kuma ta buɗe wasu har ba sauran yadin buɗewa. Yana shan ruwa kamar ba gobe, yana gyangyaɗi tun kafin a kwashe kofunan karin kumallo. Yayansa ma sugan nan ne ya ci masa ƙafa, kuma ita da hannunta ta naɗe ƙafar wandunansa ɗaya-ɗaya ta ɗinke, tana ɗinki tana share ido. Ba ta son ta sake irin wannan ɗinkin, balle a kan wandon mijinta.

Shi ya sa ranar asibiti ta bi shi har cikin ɗakin likita, don ta san in ya shiga shi kaɗai, abin da zai fito da shi shi ne "ta ce ba laifi". Likitar, wadda ba za ta wuce sa'ar 'yarsu ba, ta dubi sakamakon gwajin ta ajiye biro. Ta ce ƙwayoyin sun kusa gazawa. In suka dawo da irin wannan sakamakon a zuwa na gaba, allura za a fara, kullum.

"Baba, kana hawa keken kuwa?"

"Ya kusa haɗuwa, likita."

"To tafiyar ƙasa fa, kafin ya haɗu?"

"Ai wanda ya saba da keke, tafiyar ƙasa ba ta yi masa komai."

Mai Ɗinki ta dubi silin ta roƙi Allah ya ƙara mata haƙuri. A hanyar gida kuwa ya yi ta ba ta labarin wani mutum da ke son sayar da firam mai wajen ɗaura birkin mai.

Ranar Asabar ya tafi ganin firam ɗin a can wani gefen gari. Wajen hantsi aka yi sallama, sai ga Dogo, ɗaya daga cikin ayarin, mai kantin magani a bakin kasuwa. Daga hawa ya dawo, gumi na zuba, takalmansa na keke suna ƙwas-ƙwas a kan siminti kamar na akuya. Ya ce ya biyo ne ya duba Injiniya, ayari na kewarsa.

"Ku da ganinsa sai kun zo nan," ta ce tana miƙa masa ruwa. "Ga abokinka can a bango, gaishe shi."

Dogo ya dubi gangar keken, ya dubi teburin, ya yi dariya. "Hajiya, wai me ya tsayar da aikin nan ne? Kullum in mun tambaya sai ya ce kaya yake jira."

Ta zayyana masa tun daga wili har liba, don yanzu ta haddace su yadda ta haddace awon kwastomominta. Tun tana kan farantai tara Dogo ya fara yamutsa fuska.

"Tsaya, Hajiya. Wai don farantansa tara ne? Ai zobe ake sawa a baya. Ɗan siririn zoben ƙarfe ne, in an sa shi sai su zauna daram. Yawanci ma a cikin kwalin wilin yake zuwa."

Ya jawo kwalin wilin daga bayan kujera, ya zura hannu ya laluba, ya fito da wani ɗan zobe a cikin leda, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Wannan?" ta ce. "Wannan ɗan abin?"

"Shi ke nan."

"To ƙila bai sani ba."

"Wa? Injiniya? Ai shi ya sa mini nawa da hannunsa bara." Sai da maganar ta fita Dogo ya ga fuskarta, ya yi saurin kai kofin ruwa baki.

Mai Ɗinki ta ƙura wa zoben ido. Wato duk durƙuson nan da take yi, da yadin mutane da aka ɓata, da sugan da ke hawa, duk a kan son ƙyale-ƙyale ne. Tsoho da shi, yana son kekensa ya fi na yara sheƙi. Haka ta fassara abin, kuma ba ta tsaya neman wata fassarar ba. Ta shiga ɗaki ta jawo kwalin tsoffin kayan daga ƙarƙashin gado, ta dire shi a gaban Dogo.

"Haɗa mini shi. Da tsoffin kayansa, yadda yake."

"Hajiya, Injiniya ba ya son a taɓa masa..."

"Ni ma ba na son a taɓa mini tebur. Haɗa."

Dogo ya cire hular kwanonsa ya duƙufa. Ita ta riƙe firam, ita ke miƙa sifana, in ya ce mai lamba kaza ta ɗauko ba ta kuskure. Zobe ya shiga, farantai tara suka zauna. Tsohuwar sarƙa ta hau, tsohon ƙarfen turawa ya koma mazauninsa, tsohuwar liba ta ja waya aka ji ƙas, ƙas, ƙas, sarƙa na sauka tana hawa ba gardama. Abin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa wata da watanni, kafin rana ta take tsaka ya tsaya da ƙafafunsa a tsakiyar falo. Ana cikin haka wayar Dogo ta yi ƙara, matarsa ce, wai ya bar kanti a rufe masu sayen magani sun yi layi.

"Feda kawai ta rage," ya ce yana goge hannu. "In ya dawo nan take zai ɗaura. Don Allah, Hajiya, kada ki ce ni ne."

Ya fita da ƙwas-ƙwas ɗinsa. Ta tsaya tana duban keken. In ta bar masa fedar nan, wallahi sai ya gano cewa ba ta jituwa da takalminsa, ko da wani abin da ba a ƙirƙiro ba tukuna. Ba za ta bar masa ko kafar allura ba. Mace da ta shekara talatin tana kwance keken ɗinkinta tana mayarwa, feda biyu ne za su gagare ta?

Ta ɗauko su. Ƙanana ne, baƙaƙe, a idonta ba su da wani bambanci. Ta ɗauki ɗaya ta durƙusa ta gefen hagu, ta sa bakin fedar a ramin da ke ƙarshen hannun feda, ta murɗa dama, yadda ake murɗa kowane noti da kowane murfin kwalba a duniya. Ta ɗan kama, ta cije. Ta ce a ranta tsatsa ce. Ta ɗiga man keken ɗinki, ta ɗauko sifana. Fedar ta ƙara shiga kaɗan, ta sake cijewa. Mai Ɗinki ta tuna shatin yatsan nan a farin yadi, ta danna sifanar da tafin hannu biyu, ta ɗora nauyinta gaba ɗaya. Sai abin ya saki, ya riƙa shiga da laushi, har ta ji daɗi.

Da ta miƙe ne ta ga wani gari-gari mai ƙyalli a kan leda, kamar an kankare cokali. Ta ja baya ta duba. Fedar a karkace take, tana kallon ƙasa. Ta zaga dama da ɗayar, ta murɗa, ta murɗa, ko kamawa ba ta yi ba. Ta koma hagun ta taɓa wadda ta ɗaura, sai ta ji tana girgiɗi a cikin ramin. Ba ta san abin da ta yi ba, amma ta san ta yi ɓarna.

Ta share garin ƙarfen, ta sake zubar da shi inda yake don kada a ce ta ɓoye. Ta zauna a kujera da sifana a cinya tana shirya abin da za ta faɗa. Mutumin da ya taɓa yin kwana biyu ba ya mata magana don ta jingina tsintsiya a jikin keken nan, yau sai abin da Allah ya yi.

Bayan azahar ta ji mukullinsa a ƙofa. Ya shigo yana cewa, "Firam ɗin nan kuwa ya yi mini tsawo, amma akwai wani..." Sai ya ga keken.

Tana kallon fuskarsa, don faɗa take jira. Amma ba fushi ta gani ba. Mutumin ya tsaya cak da mukulli a hannu. Ya dubi keken daga wilin gaba zuwa na baya yadda ake duban karen da aka ce an ɗaure sai ga shi a sake.

"Wa ya haɗa?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni na sa aka haɗa. Akwai zobe a cikin kwali."

Ya matso a hankali, ya murza wilin baya, ya ja liba, sarƙa ta hau ta sauka. Ya matsa birki, ya kama. Duk abin da ya taɓa lafiya lau, kuma duk wanda ya taɓa sai kafaɗunsa su ƙara zubewa. Sannan idonsa ya kai kan fedar.

"Malam, wannan ni ce," ta yi sauri ta ce. "Ni na ɗaura. Ban san..."

Ya durƙusa, ya girgiza fedar, ya dangwali garin ƙarfen ya murza a yatsa. Da ya ɗago, sai ta ga fuskarsa ta washe.

"Ayya, Maman yara! Ta dama kika sa a hagu. Ai ta hagu hagu ake murɗa ta, saɓanin kowane noti, don kada ta kwance in ana tuƙi. Kin cinye tiredin ramin gaba ɗaya, haƙoran da ke riƙe fedar." Har da 'yar dariya. "Ba komai, wallahi ba komai, kowa na yin wannan kuskuren. Sai dai fa hannun feda irin wannan an daina yin sa. Dole a canza duka biyun. In an canza su kuma, sabbin ba za su shiga boris ɗin tsakiya ba, shi ma sai an canza. Shi kuma sai na auna ramin firam ɗin tukuna, don akwai iri-iri. Zai ɗan ɗauki lokaci."

Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya nufi teburin yana neman abin awo, yana wani ɗan fito a hankali.

Mai Ɗinki ta bi shi da ido. Ta lalata masa abin da ya fi so a gidan nan, kuma mutumin fito yake yi. Sai a lokacin ta gane ta yi wa abin gurguwar fahimta.

"Injiniya."

Ba ta kiransa haka sai magana ta kai magana. Ya juyo.

"Murna kake yi."

"Murna kuma? Haƙuri dai nake ba ki."

"Ka shigo ka ga keke a haɗe kamar an yi maka mutuwa. Ka ga na ɓata shi kamar an yi maka haihuwa. Ni za ka mayar sakarya? Ka san zoben nan tun ranar da wilin ya zo. Libar birkin mai kuma, kai da ke karanta takardar maganin tari har ƙarshe, kai ne hoto zai ruɗa? Wata nawa ina durƙuso a ƙasa! Wata nawa ina buɗe maka wando! Likita na maganar allura kana maganar firam!"

"Ki rage murya, maƙwabta..."

"Su ji! Ai sun gaji da ganin mai kawo kwali!"

Ya ajiye abin awon. Ya jawo kujerar keken ɗinkinta ya zauna, abin da bai taɓa yi ba, ya dafe gwiwoyinsa.

"Ranar da wilin ya zo na haɗa shi," ya ce. "Kin tafi kasuwar yadi. Da zoben wani tsohon wili na haɗa, komai ya zauna. Na fito da shi bakin ƙofa, na ɗora ƙafa. Sai wata mota ta taho ta bayana. Ba ma kusa ba, can tsallake." Ya dubi hannuwansa. "Ƙafata ta ƙi tsayawa a kan feda. Rawa kawai take yi. Na shigo da shi na kwance kafin ki dawo."

"Shi ne ba za ka faɗa ba?"

"In ce me? In je in ce wa su Dogo Injiniya na tsoron keke? Ko tafiyar ƙasan da likita ke faɗa, in na ji bas a bayana sai na manne da bango."

Tausayinsa ya kama ta har idonta ya kawo ruwa, kuma hakan ya ƙara mata haushi, don ba ta gama faɗanta ba. Ta so ta rungume shi, ta so kuma ta kwaɗa masa sifanar da ke hannunta. Ta ajiye sifanar, ta yafa mayafi, ta fita ba ta ce masa ga inda za ta ba.

Ba a jima ba ya ji ƙarar wani abu ƙiiƙi-ƙiiƙi a bakin ƙofa. Ya leƙo. Tana riƙe da keken maƙwabcinsu mai gidan burodi, wani baƙin ƙarfe mai nauyin tsiya, da kwando a gaba da faffaɗan sirdi da aka naɗe da roba. Giya ɗaya gare shi, ita ma ba ya canza ta.

"Sa takalmi," ta ce.

"Wannan ai ba keke ba ne, amalanke ce."

"Sa takalmi, Malam."

Ta tura keken suka zaga lungun bayan gidaje, inda mota ba ta shiga saboda wasu turakun siminti da aka kafa a baki. Igiyoyin shanya ne kawai, da wasu mata biyu zaune a ƙofar gida suna tsinke ganye. Injiniya ya zaga keken yana duba shi.

"Tayar baya ba iska."

"Hau."

"Sirdin ya yi ƙasa. Sarƙar nan ko mai ba ta gani ba tun da aka saye ta. Bari in ɗauko..."

"Ka ɗauko sifana a kan keken mutane, wallahi yau a lungun nan za ka kwana. Hau. Zan riƙe maka, yadda ka riƙe wa 'yarka."

Ya dubi matan nan biyu. Sun daina tsinke ganye. Ya dubi matarsa, ta ɗaure mayafi a ƙugu ta kama bayan sirdin da hannu biyu. Ya ɗaga ƙafa ya haye. Tana jin rawar jikinsa tana bin ƙarfen har cikin tafin hannunta. Ya ɗora ƙafar dama a feda, ta zame. Ya sake ɗorawa.

"Kin riƙe?"

"Na riƙe."

Ya taka. Keken ya yi hagu, ya yi dama, kwandon ya kusa kwashe shanyar mutane. Ta turje ta tsayar da shi, kafaɗarta ta amsa. Ya sake takawa, sannan ya sake. Ƙiiƙi, ƙiiƙi. Ta fara da tafiya, ta koma sassarfa, silifas ɗinta ɗaya ya fita ta bar shi a nan. Can bayan gidajen wata bas ta danna ham a babban titi, ta ji bayansa ya sandare, kan keken ya karkata. Ta ƙara damƙe sirdin.

"Tana can titi, ba ta nan. Taka!"

Ya taka. Ƙafafun da suka shekara suna wannan aikin suka fara tuna abinsu, keken ya miƙe, ya fara gudu, gudun da ya fi ƙarfin mace mai shekara hamsin da ɗoriya da silifas ɗaya.

"Kada ki saki," ya ce, bai waiwayo ba. Muryar ba ta Injiniya ba ce, ta wani ce da ba ta taɓa ji ba duk zamansu. "Don Allah kada ki saki."

"Ban saki ba," ta ce tana haki, hawaye da gumi sun haɗe mata a fuska. "Amma ka rage gudu mana, bawan Allah, so kake ka kashe ni?"

Bai rage ba, ita kuma ba ta saki ba. Haka suka nufi ƙarshen lungun, tana bin sa da ƙafa ɗaya ba takalmi.